Yadda za a shimfiɗa wa ɗalibai yaƙin Worcester a ƙasa

Yaƙin Worcester, na ranar 3 ga Satumba 1651, shi ya rufe yaƙin basasar Ingila tsakanin 'yan jamhuriya da magoya bayan sarauta. Gadoji ne suka yanke hukuncinsa, shi ya sa bayanin baki kaɗai ba ya wadatarwa. Malam, fitar da ɗalibai filin makaranta da safe, kafin ranar Sakkwato ta ɗaga.

A tanadi igiya biyu, karan dawa, tsakuwa 28 da ƙwallon goruba 16. Kowane ɗaya sojoji dubu ne: tsakuwa rundunar Oliver Cromwell, jagoran sojojin 'yan jamhuriya, goruba ta Sarki Charles na biyu, wadda akasarinta 'yan Sikotilan ne.

Doguwar igiya ita ce kogin Severn, daga arewa zuwa kudu. A zana birnin Worcester a gabashinta. Gajeriyar ita ce Teme, tana shigowa daga yamma ta haɗe da Severn a kudancin birnin. Wanda ya san mahaɗar Rima da gulbin Sakkwato zai gane nan take.

Yanzu a raba goruba kashi uku: wasu a bakin Teme, wasu a birni, sai mahayan David Leslie, kwamandan 'yan Sikotilan, a arewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara su wuri guda, alhali rarrabuwar nan ce ta karya sarki.

A ɗora kara biyu kusa da mahaɗar, ɗaya kan kowace igiya. Su ne gadojin jiragen ruwa da Cromwell ya sa aka haɗa. Fleetwood, ɗaya daga cikin kwamandojin Cromwell, ya far wa masu tsaron Teme, abin ya yi tauri, sai Cromwell ya ƙetara yamma da ɗauki. A matsar da tsakuwa a hankali, kowa ya ga gabas ta yi sako-sako. Abin da Charles ya hango ke nan daga hasumiyar babbar majami'a, ya fito ya afka wa dakarun Cromwell da ke Red Hill da Perry Wood, a gabashin birnin. Nan a dakata, a tambayi ɗalibai: da ku ne Cromwell, me za ku yi? Ta gadar Severn Cromwell ya komo da dakarunsa, ya kora mutanen sarki cikin birni. Kada kowa ya taɓa gorubar Leslie, domin mahayansa ba su kai ɗauki ba.

A ƙarshe a kwashe goruba 3 na waɗanda aka kashe, da kimanin 10 na fursunoni. Charles kuwa ya yi makonni shida yana ɓuya kafin ya tsallaka Faransa.