Yadda ake auna gudun sauti da bututu da ruwa

Ɗalibai da yawa masu shirin jarrabawar WAEC sukan yi wannan gwaji su samu amsar da ta gaza ta gaskiya, kuma kusan kullum dalilin shi ne sun dogara da awo ɗaya tak.

Ana buƙatar bututu mai tsawon kusan santimita 80, da dogon mazubi cike da ruwa, da rula, da ƙarfen sauti mai yatsu biyu wanda ke kaɗawa sau 512 a daƙiƙa. Ba sai an sayi bututun gilashi mai tsada ba, domin na roba da masu aikin famfo ke sayarwa ya wadatar.

A tsoma bututun a tsaye cikin ruwan, saman ruwan ya zama rufaffen ƙarshensa. A buga ƙarfen a kan roba, kada a buga shi a tebur, saboda abu mai tauri yana tayar da wasu sautuka masu kaifi da ke rikita kunne. Sai a riƙe shi dab da bakin bututun ba tare da ya taɓa ba, a riƙa ɗaga bututun sannu a hankali har amon ya cika kunne, sannan a auna daga saman ruwa zuwa baki. A wannan matsayi iskar da ke kan ruwan ba ta motsi, ta baki kuwa tana kaɗawa iyakar ƙarfinta, wato rubu'in zangon sautin ne ya tsaya a ciki (zango shi ne nisan da sautin ke tafiya a kaɗawa ɗaya).

Nan ne masu koyo suke ninka awon sau huɗu su tashi, alhali wurin da iskar ta fi kaɗawa ya ɗan fita waje da baki, da kimanin kashi 3 cikin 10 na faɗin bututun. A bututu mai faɗin santimita 4, rarar ta kai santimita 1.2, kuma ita kaɗai tana rage amsar da kusan mita 25 a daƙiƙa. Saboda haka wajibi ne a ci gaba da ɗaga bututun har amo na biyu ya bayyana, wanda ba shi da ƙarfin na farko, don haka yana son ɗaki marar hayaniya da haƙuri. Bambancin awon biyu rabin zango ne cif, domin rarar tana cikin kowannensu, tana kuma ɓacewa wajen ɗebewa. Idan an samu 15.8 da 49.8, bambancin santimita 34 ne, zangon mita 0.68, wanda idan an ninka shi da 512 zai ba da kusan mita 348 a daƙiƙa.

Kada a gyara amsar don ta zama 340 na littafi, domin gudun sauti a iska mita 331 ne a daƙiƙa idan zafin iskar digiri sifili ne a ma'aunin Celsius, yana kuma ƙaruwa da kusan 0.6 a kowane ƙarin digiri, don haka amsar ta dogara da zafin ɗakin.

Idan aka cire bututun daga ruwa, iska tana kaɗawa a bakunansa biyu, rabin zango ke tsayawa ciki, kuma yana amsa ninki ɗaya, biyu, uku na sautinsa na tushe, wato sautinsa mafi ƙarancin kaɗawa, yayin da rufaffe ke amsa ɗaya, uku, biyar kawai.