Yadda Za Ki Zama Masaniyar Littafi Mai Tsarki a Jami'a

Ki fara da harsuna tun a digirin farko: Ibrananci don Tsohon Alkawari, Helenanci don Sabon Alkawari. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin wadda ta dogara da fassara kaɗai ba ta iya kare hujjarta gaban masu jarrabawa. Ana koyar da duka biyun a TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru. In a Amurka za ki yi digirin digirgir, ki ƙara da Jamusanci.

Ki zaɓi littafi guda, ko Rut ko Yohanna, ki nutse cikinsa. Ki wallafa maƙaloli a mujallun da masana ke tantancewa, don da su ake ƙarin girma. Wa'azi ba ya shiga lissafi.

Masu duba rubutunki kuwa, ki neme su a ƙungiyar Circle ta mata masana tauhidi na Afirka, wadda masaniyar tauhidi 'yar Ghana, Mercy Amba Oduyoye, ta kafa a Accra a 1989.