Yadda Ake Yi wa Kare Wanka a Motar Tafi-da-Gidanka

A Amurka da Kanada, da ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa, iyalai da yawa suna tafiya hutu a manyan motocin da aka yi wa ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, kuma da wuya su bar karensu a gida. Kare kuwa idan ya samu daji da tafki da bakin teku, ba ya daɗewa bai kwaso taɓo da yashi da wari ba, alhali a ɗaki ɗaya zai kwana da mutane. Wankan kansa ba shi da wuya. Abin da ke ba da wahala shi ne ruwan da ke cikin motar aunanne ne, kuma wanda aka yi amfani da shi ba a ko'ina ake zubar da shi ba, saboda haka mafi yawan aikin ana gama shi ne tun kafin a buɗe famfo.

Da farko a duba tankunan motar. Akasarin waɗannan motoci suna da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Dole na farkon ya kasance da isasshen ruwa, na biyun kuma ya kasance da sauran wuri, domin idan ya cika ana tsakiyar wanka, ruwan dattin ta rariyar banɗaki zai dawo. Tukunyar ɗumama ruwa a yawancin motocin Amurka galan 6 take ɗauka, wato kusan lita 23, wanda ke nufin cewa duk wanda ya bar shawa a buɗe zai ƙarasa aikin da ruwan sanyi.

Sannan a tambayi kai ko karen yana bukatar cikakken wanka. Yawan wanka yana kwashe maiƙon da ke kare fatarsa, sai ta bushe ta kama ƙaiƙayi. Idan taɓo ne kawai a ƙafafu da ciki, a bar shi ya bushe a kakkaɓe da burushi, a wanke tafin ƙafafun a ɗan bokiti. Amma akwai lokutan da jinkiri ba shi da kyau. Karen da ya shiga teku yana bukatar a ɗauraye masa gishiri da yashi a ranar. Wanda ya faɗa tafkin da gansakuka mai launin kore da shuɗi ta rufe, a wanke shi nan take kuma a hana shi lasar jikinsa, domin wasu nau'o'inta suna da gubar da ke iya kashe kare, idan kuma ya fara amai ko kasala a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. A dazuzzukan Amurka akwai wani tsiro mai ganye uku-uku wanda mansa ke manne wa gashin kare, ya sa wa yawancin waɗanda suka shafa shi ƙuraje masu ƙaiƙayi, don haka idan ana zargin karen ya ratsa cikinsa a sa safar hannu ta roba kafin a taɓa shi.

Zaɓen wuri shi ne mataki na gaba, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Motoci da yawa suna da shawa ta waje a gefensu, mai ruwan zafi da na sanyi, kuma ita ce ta fi dacewa da babban kare idan akwai rana. Sai dai kafin a kunna ta a tambayi masu kula da wurin da aka yada zango, saboda wurare da yawa sun hana kwarara ruwan sabulu a ƙasa, wasu kuma sun tanadi wurin wankan karnuka na musamman. Idan a daji ake, ƙa'idar da matafiya a Amurka suke bi ita ce a nisanci rafi ko tafki da ƙafa 200, wato kimanin mita 60, ko da an rubuta a jikin kwalbar cewa sabulun ba ya cutar da muhalli. A ganina, mai babban kare mai yawan gashi ya fi samun sauƙi idan ya tsaya a shagunan kayan dabbobi irin su Petco ko Tractor Supply, waɗanda rassansu da dama suke da bahon da mutum zai biya ya wanke karensa da kansa, domin ya tsira da ruwansa da kuma rariyarsa. Ƙaramin kare kuwa banɗakin motar ya ishe shi. Kwamin wanke kwanuka na kicin ba wurin wankan dabba ba ne, kuma ya kamata roba da tawul ɗin kare su kasance daban da na mutane, musamman ga wanda yake alwala a banɗakin nan.

Kafin ruwa ya taɓa shi, a taje gashinsa sosai a waje. Gashin da ya cukurkuɗe ƙara ɗaurewa yake yi idan ya jiƙa, kuma duk silin da matsefi ya cire sili ne da ba zai toshe bututun motar ba, wanda siriri ne idan aka kwatanta da na gida. Lokacin tajewar ne kuma ake neman kaska a cikin kunnuwa, da ƙarƙashin wuya, da hammata, da tsakanin yatsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a arewa maso gabashin Amurka da sassan Turai, inda kaska ke yaɗa cutar Lyme ga karnuka da mutane. Idan an same ta, a kama ta da ɗan hantsaki dab da fata a ja ta a hankali a miƙe, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai.

Daga nan a jera kayan aiki inda hannu zai kai: tawul biyu ko uku, kofi, tsumma mai laushi, da ɗan abin da karen yake so ya ci. A shimfiɗa tabarmar roba ko tsohon tawul a ƙasan banɗakin, saboda santsi ne ke firgita kare fiye da ruwan. A ɗora matata a bakin rariya don tare gashi. Sabulun kuwa ya zama na karnuka, domin fatar mutum ta fi ta kare tsami, kuma sabulun da aka haɗa don mutum yana busar da fatar kare. A zuba kaɗan a cikin gora a sirka shi da ruwa a girgiza. Sirkakken sabulu ya fi saurin ratsa gashi, ya kuma fi sauƙin fita, wanda shi ne babbar hanyar tsimin ruwa. Idan a waje ake, a ɗaure karen da gajeriyar igiya, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaure ko na ɗan lokaci.

A gwada ruwan a cikin damtsen hannu, ya zama mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba. A fara jiƙa ƙafafu, a hau zuwa baya da wuya, a bar kai sai ƙarshe, saboda da zarar kan kare ya jiƙe yake fara girgiza jiki. Da gashin ya jiƙa har zuwa fata sai a kashe ruwan. Kan shawar waɗannan motoci galibi yana da maɓallin tsayar da ruwa don irin wannan. A cuɗa sabulun da yatsu daga wuya zuwa wutsiya, a kula da ciki da ƙirji da tafin ƙafafu inda datti ke taruwa. Fuska da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba a watsa mata ruwa, kuma a kiyaye kada ruwa ya shiga kunne, domin danshin da ya zauna a ciki yana haddasa ciwo, musamman ga karnuka masu faɗaɗɗun kunnuwa da ke rufe ramin.

Ɗauraya ita ce inda bai kamata a yi rowar ruwa ba. Duk tsimin da aka yi a baya saboda ita aka yi shi, domin sabulun da ya rage a jiki shi ke sa kare susa har ya ji wa kansa rauni. A riƙe kan shawar dab da fata, a bi daga wuya zuwa ƙasa ana matse gashin da ɗaya hannun, har sai ruwan da ke sauka ya fito garau babu kumfa.

Kafin a buɗe ƙofar banɗaki a yafa masa tawul, ko a bar shi ya girgiza a ciki, idan ba haka ba gado da kujeru za su sha ruwa. A danna tawul ɗin a jiki maimakon gurzawa. Na'urar busar da gashi tana cin wuta da yawa, sau da yawa fiye da wat 1,000, don haka ba a dogara da batirin motar sai an jona wutar zango ko an tayar da janareta, kuma a sa ta a iska mai sanyi ko ɗumi kaɗan don kada ta ƙona fata. A kunna fankar rufi a buɗe taga, a shanya jiƙaƙƙun tawul a waje, saboda ƙaramin ɗaki ba ya jure laima, nan da nan yake yin fumfuna da wari. A lokacin sanyi a yi wankan da hantsi, kuma kada karen ya fita sai ya bushe sarai.

Abin da ya rage shi ne a kwashe gashin da matata ta tare a jefa a shara, a wanke ƙasan banɗakin, a duba ma'aunin tankin ruwan wanka. Idan ya kusa cika, a juye shi a tashar da aka tanada don haka a zango ko a wasu gidajen mai na manyan hanyoyi, ba a gefen titi ba. Wanda kuma yake ɗiga wa karensa maganin ƙuma da kaska a bayan wuya ya karanta takardar maganin, domin yawancinsu suna bukatar a bar kimanin kwana biyu tsakanin ɗigawa da wanka.