Yadda Ake Aikin Cika Fage a Wajen Ɗaukar Fim

Mai cika fage shi ne wanda ake gani yana wucewa ko zaune a bayan jarumai. Ka isa lokeshin, wato wurin ɗaukar fim ɗin, rabin awa kafin lokacin da aka ba ka, da shirin yini, domin aikin kan kai awa 10 zuwa 12, yawancinsa jira ne.

Tafi da kaya kala biyu ko uku. Ka guji fari fat, yana ƙyalli a hasken fitila, da riga mai siraran layuka, tana rawa a kyamara, da duk mai tambarin kamfani.

Mataimakin darakta ne mai ba ka umarni, shi zai nuna maka inda za ka tsaya. Idan an ce ku yi hira, motsa baki kawai za ku yi. Makirufo muryar jarumai yake nema, hayaniyar jama'a daga baya ake sa ta. Kada ka kalli kyamara, kada ka daina sai an ce a tsaya.

Inda sababbi suka fi tuntuɓe shi ne maimaici. Ana ɗaukar fitowa ɗaya sau da yawa ta kusurwoyi daban-daban, sannan a haɗa. In kofi yana hannunka na dama a ɗaukar farko, can zai zauna, kuma kalmar da jarumi ya faɗa lokacin da ka miƙe tsaye ita ce alamar miƙewarka a kowace ɗauka. In ka sauya, mai tace fim, wato mai haɗa hotunan, zai yanke ka daga ciki.

Kashe wayarka gaba ɗaya. In aka ba ka magana, ko jimla ɗaya ce, tambayi kuɗinta kafin a ɗauka.