Yadda ake gyara zoben ɗaure kwalekwale da kare shi daga cinyewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mafitar kogin Haɗeja cikin watan Agusta, ko a bakin madatsar Tiga lokacin da iskar hadari ta taso, ya ga yadda kwalekwalen da ke ɗaure yake fizgar igiyarsa ba dare ba rana. Ƙarfin wannan fizga a wuri ɗaya yake taruwa, wato zoben ƙarfen da ke goshin jirgi da bol ɗin da ya riƙe shi a jikin katako. Masu fito da masunta suna da himmar toshe kafar ruwa da auduga da kwalta, amma ba kasafai ake waiwayar wannan zobe ba. Haka aka yi da jirgin kawuna wata damina: aka wayi gari igiya tana nan a turke da zobenta, jirgi kuwa ya bi ruwa, sai bayan kwana biyu aka gano shi maƙale cikin kacala.

A jiragen ƙasashen waje masu tafiya da iska, akwai igiyar da ke janyo sandar ƙyallen jirgi ƙasa don kada iska ta ɗaga ta, kuma maɗaurinta yakan cinye ta hanya irin wannan. Su ruwan gishiri ne babban abokin gabarsu, mu kuma yashi da laka, amma tushen ciwon ɗaya ne: duk ƙarfen da ya sami wurin motsi a cikin raminsa, zai ci ramin, ramin kuma ya ci shi.

Saboda haka matakin farko shi ne dubawa, kuma da hannu ake yin ta. A janyo goshin jirgin kan tudu, a wanke lakar, a kama zoben a girgiza shi hagu da dama. Idan ya motsa ko da kaɗan ne, ko aka ga jan ruwan tsatsa ya zubo daga gindinsa, ko katakon da ke kewaye da shi ya yi baƙi har tsinin wuƙa yana shiga cikin sauƙi, to aiki ya samu. Ramin da ya fara lalacewa yana barin siffarsa ta da'ira ya miƙe kamar ƙwai, ta ɓangaren da igiya take ja.

Daga nan sai a kwance notin da sifana. Idan tsatsa ta kama shi, a ɗiga masa kananzir a bar shi ya kwana, kada a sa guduma, domin dukan yana tsaga katako. A goge ƙarfen da burushin waya, a duba wurin da igiya ko sarƙa take gogawa. Ƙa'idar da masu aiki da sarƙa da ƙugiya suke bi ita ce, idan kaurin ƙarfe ya ragu da kashi 10 cikin 100, an daina amfani da shi. Ke nan zobe mai kaurin milimita 10 da ya rasa milimita 1 ya gama aikinsa. Ban goyi bayan a kai wa mai walda ya cike gurbin ba, domin ciko yana ɓoye rauni, kuma kaifin da yake bari yana yanka igiya. A sayi sabo mai farin rufi irin na bututun famfo, ko a sa maƙeri ya ƙera wani ya kuma goge bakinsa sumul.

Gyaran ramin shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma nan ya kamata a yi haƙuri. Da yawa sukan cusa tsumma ko ƙyallen roba, ko su buga ƙusoshi a gefe, sai abin ya riƙe na mako biyu ya sake kwancewa, ramin ya ƙara faɗi. Abin da ya dace shi ne kafinta ya sassaƙe ruɓaɓɓen wurin har ya iske lafiyayyen katako, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, sannan a fiƙe turken itace mai tauri, kamar ƙirya ko maɗaci, a shafa masa gam mai haɗi biyu irin su Araldite, a buga shi ya cike ramin tam. Bayan kwana ɗaya a sare abin da ya fito, a huda sabon rami daidai kaurin bol ɗin, yadda sai an ɗan buga shi zai shiga. A shafa kwalta a cikin ramin kafin a zura shi, don ruwa kada ya sami hanya.

Ta ciki kuwa, kada noti ya zauna kai tsaye a kan katako. A sa guntun itace mai faɗin tafin hannu, ko farantin ƙarfe, sannan babban washa, sannan noti biyu, na biyun yana danne na farkon. Wannan ne ke rarraba nauyin fizgar. Mai jirgin inji ma ya yi haka a katakon baya inda maƙallan injin suke cizo.

Ita igiyar, a zura ta cikin guntun tiyo mai tsawon taƙi ɗaya daidai inda take ratsa zoben da inda take gogar bakin jirgi, kuma a riƙa matsar da ƙullin lokaci zuwa lokaci. Giris kaɗan ya isa a kan zaren noti. Idan ya yi yawa a kan zoben, yashi ne zai manne masa ya riƙa cin ƙarfen kamar magagari.

Katako yana kumbura da damina, ya kuma tsuke idan hunturu ya busa, don haka notin da aka ɗaure tam a watan Satumba zai iya yin sako-sako a Janairu. A sake bin sa da sifana a tsakiyar rani, a kuma sake kafin ruwan farko ya sauka, a tsaya da ɗaurewa da zarar washan ya fara nutsewa cikin itacen.