Yadda za ka zaɓi rakoda don naɗar atisayen ƙungiyarku

Mu nan Garwa ta Kamaru a zauren gida muke atisaye: kalangu, ganga, jita da mawaƙa biyu. Waya ba ta iya wannan aiki. Da an doka ganga sai muryar mawaƙi ta shaƙe.

1. Fara duba yadda kuke zama. In a ɗaki ɗaya kuke, kowa a zagaye, Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta wadatar, don kowacce na da makirfo biyu a kanta. In mawaƙi zai riƙe nasa makirfo, nemi Zoom H4n mai ramukan XLR biyu, wato inda ake jona igiyar makirfon hannu.

2. Batir. Wannan ya fi damuna, saboda yawan ɗauke wuta. H1n batir AAA biyu take ci, DR-05X kuwa AA biyu, irin na tocila da rediyo da kowane mai tireda ke sayarwa. Ni DR-05X na fi so.

3. Kada ka biya sefa ko ɗaya sai ka gwada. Je da mai kalangu shagon, ya doka da ƙarfinsa. In fitilar gargaɗi ta yi ja, rage ƙarfin shigar sauti, ku sake. Sa abin kunne ka saurara: in kiɗan ya fito garau ba tsatsa, ka samu.

4. Katin ajiya. WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, na cin kusan mega 10 a minti ɗaya, wato wajen 600 a awa. Kati mai giga 32 zai kai ku nesa.

5. Haɗa da ƙaramar jaka mai zik, don ƙurar hunturu na toshe makirfo.