Darasi na 7: Ramuka da ƴan filoli na jikin madabod

Idan ka kwance murfin akwatin kwamfutar tebur, za ka ga wani faffaɗan allo a ciki, wayoyi sun kewaye shi. Shi masu gyara ke kira madabod. Kowane sashe na kwamfuta a jikinsa yake haɗuwa.

Kafin ka sa hannu, zare wayar wuta daga soket, ka danna maɓallin kunnawa sau biyu don ragowar wutar ta fita. Sannan ka dafa ƙarfen akwatin. Mu nan Bauchi mun san yadda ake jin ɗan tsit a yatsa lokacin hunturu idan an taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsin da bai kai ya dame ka ba, ya isa ya kashe madabod.

Dogayen ramukan da ke ƙasan allon sunansu PCI Express. Mafi tsawo, wato x16, na katin hoto ne, mai fitar da hoto a sikirin, kuma akwai ɗan makulli a ƙarshensa, sai ka danne shi kati zai fito. Gajeren, x1, na katin Wi-Fi ne ko na sauti. Gajeren kati yana shiga dogon rami ya yi aiki lafiya. A tsofaffin kwamfutocin gwanjo za ka iya tarar da fararen ramuka na PCI, katin zamani ba ya shigarsu.

Kusa da fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai ramukan RAM, ƴan siraran allunan da ke riƙe aikin da kwamfuta take yi a lokacin. RAM iri-iri ce. DDR3 da DDR4 kama suke yi a ido, amma tsagin da ke ƙasan kowanne daban yake. In ka sa RAM ta ƙi zama, kada ka matsa. Juya ta, in ta sake ƙi, ba irinta ba ce.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne wajen ƴan filolin da ke tsaye a gefen allo, ga su ƙanana, ga rubutunsu sai an kusanto da tocila. Amma rubutun nan shi ne malaminka. Inda aka rubuta PWR SW, nan wayar maɓallin kunnawa take shiga. RESET SW na maɓallin sake tayar da kwamfuta ne. Waɗannan biyun ko ta yaya ka juya su za su yi aiki. HDD LED da PLED kuwa na ƴan fitilun gaban akwati ne, suna da alamar + da -, in ka juya su fitila ba za ta kama ba, amma ba abin da zai ƙone. Idan maɓallin akwati ya lalace, mayar da wayar wuta, ka haɗa filolin PWR SW biyun nan da bakin sukurdireba na daƙiƙa ɗaya, kwamfuta za ta tashi. Filolin biyu kawai, kada ƙarfen ya goga maƙwabtansu.

Wurin USB 2.0 fil 9 gare shi, na sautin gaba ma 9, sai dai gurbin da ba fil a cikinsa ba wuri ɗaya yake ba. Dubi ramin da aka toshe a kan wayar tukuna. Wayar fankar furosesa kuwa CPU_FAN za ta, mai fil 4.

Akwai kuma batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. In kwamfuta tana mance kwanan wata duk sanda aka ɗauke wuta, shi ne ya mutu. Filolin CLR CMOS kuma su ke mayar da saitin BIOS, wato ƴar manhajar da ke tayar da kwamfuta, yadda ya zo daga kamfani, kuma sai wuta na zare ake taɓa su.

Aiki: Ku zauna biyu-biyu, ku ɗauki mataccen madabod. Ɗaya ya karanta rubutun da ke gefen filoli da ƙarfi, ɗaya ya nuna wayar da za ta shiga wurin.